Haƙurin Da Ya Ɗaure Zaharadden

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

"Ki koma gida, Mas'uda, ki share hawayenki. Yaron nan a gabana yake tun daga magariba har aka kira isha'i, daga hannunsa na sha gahawa. Ranar da alƙali zai zauna, ko jinya nake yi sai an ɗauke ni an kai ni na faɗi haka."

Wannan ba maganata ba ce. Maganar Alhaji Maman Lawali ce, shugaban wannan ƙungiya tamu, ga shi nan a kujerar tsakiya. A ƙofar shagonsa da ke unguwar Balad, a nan Jidda, ya faɗa mini ita, ranar da aka kama ɗana, hannunsa na dama a kan ƙirjinsa. Alƙali ya zauna. Alhaji bai yi jinya ba, Allah ya ƙara masa lafiya. Kuma bai zo ba.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Maman Lawali; mai girma mataimakinsa, Alhaji Mahamat; limaminmu, Malam Youssouf; dattawan Hindawiyya da na Balad; direbobi da masu gadi da suka baro Abhur a ranar hutunsu; iyayena mata da ƙannena da ke zaune a wannan ɓangare na labule; samari da 'yan mata da kuke jin Hausa ko da bakinku ya fi sabawa da Larabci; ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar 'yar gida.

An sa sunana a tsarin taron zumuncin nan domin in yi godiya a madadin mata. To, zan yi. Ina godiya ga waɗanda suka kama mana wannan wuri, ina godiya ga matan da suka wuni a bakin murhu, ina godiya ga wanda ya miƙo mini makirifo bai tambaye ni me zan ce ba. Godiyar ke nan, ta ƙare. Saura kuma abin da ya hana ni zama tun da na shigo, wanda ya sa kuka ga ina kai da kawo a bayan labule kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Zan fara da abin da uwa Bahaushiya ba ta yi. Ɗana na fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, sai dai in ce "yaron nan", sai dai in ce "wancan". Haka uwata ta koya mini, haka ita ma aka koya mata, ko da yake dukanmu a Jidda aka haife mu. Yau na ajiye wannan kunya a bakin ƙofa tare da takalmana. Sunansa Zaharadden. Ɗana ne, ni na haife shi. Yana kurkuku, an yanke masa shekara takwas a kan fashin da bai yi ba, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara za ta rufe ranar Alhamis mai zuwa.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi ba, ko suka ji shi a gurguje a bakin masu tsegumi, ga shi dalla-dalla.

Kuna tune da rasuwar Alhaji Nasir, yayan shugabanmu, Allah ya jiƙansa. An jera kujeru a layinsu a Hindawiyya, an ja fitilu, ana zaman makoki daga magariba zuwa isha'i kamar yadda ake yi a garin nan. A rana ta biyu ta makokin, a daidai wannan lokaci, wasu mutum biyu da suka naɗe fuskokinsu suka shiga baƙalar wani dattijo, Abu Raed, wato kantinsa na kayan masarufi a Balad. Suka buge shi da ƙarfe a kafaɗa, suka kwashe abin da ke cikin akwatin ciniki, suka gudu a kan babur. Da aka nuna wa Abu Raed hotunan mutanen da aka taɓa kamawa da irin wannan laifi, ya nuna na ɗana, ya ce tsayin ya yi kama, idanun sun yi kama. Aka zo aka tafi da shi.

A ina Zaharadden yake a wannan lokaci? Yana tsaye a layin makoki, butar gahawa a hannun hagu, finjalai a hannun dama, yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Ni ban gan shi ba, domin ina cikin gida tare da mata, kuma ko da na gan shi, shaidar uwa ga ɗanta ba ta da nauyi. Maza ne suka gan shi. Ku ne kuka gan shi.

Magana ta farko ita ce hukuncin kansa, da yadda aka kai gare shi.

Ku ji ni da kyau, domin kada wani ya fita daga nan ya juya mini magana. Ba ni da ƙorafi a kan alƙali. Abin da aka ajiye a gabansa, da shi ya yi hukunci. Ba ni da ƙorafi a kan Abu Raed, mutum ne da aka cuta, har yau ba ya iya ɗaga hannunsa sama da kafaɗa. Ƙorafina a cikin gida yake.

Bayan an kama yaron da 'yan kwanaki, dattawanmu uku, Alhaji Maman Lawali da Alhaji Mahamat da Malam Youssouf, suka zauna suka yi shawara. Ba su kira ni ba. Ba su je sun tambayi yaron ba. Suka ce kotu ba wurin zuwan baƙo ba ce, a bi hanyar da iyaye da kakanni suka bi. Suka sa manyan riguna, suka ɗauki dabino da turare, suka tafi gidan Abu Raed ba da haƙuri.

Mu Hausawa mun san mene ne ba da haƙuri. Idan akuyarka ta shiga gonar wani, ka je ka ba da haƙuri. Idan ma ba akuyarka ba ce, amma an ce taka ce, ka je ka ba da haƙuri, a sha ruwa, a yi fatiha, magana ta mutu. A wurinmu wanda ya sunkuyar da kai shi ne babba, ba a tambayarsa ko ya yi ko bai yi ba. Al'ada ce mai kyau, ta kashe wuta da yawa a unguwannin nan, ni ma na ci amfaninta. Amma al'ada kamar takalmi ce, akwai inda ake cire ta. A gaban shari'a, wanda ya ce a yafe masa, ya ce ya yi ke nan.

Na je wurin Abu Raed da ƙafata bayan an yanke hukunci. Na same shi a kan kujera a bakin baƙalarsa. Na ce, "Ya ammi, don Allah ka gaya mini gaskiya, ka ga fuskar ɗana?" Ya ce, "Ya ukhti, wallahi fuska a naɗe take. Na ce ya yi kama, ban ce shi ne ba. Kwana da kwanaki zuciyata ba ta natsu ba. Sai ga manyanku uku sun zo ɗakina, masu furfura, har da limami, suka ce yaronmu ya yi kuskure, ka yafe masa don Allah. Na ce alhamdu lillahi, ashe ban zalunci kowa ba. Idan mutanensa sun ce ya yi, ni wane ne?"

Kun ji. Mutumin ya yafe hakkinsa, ya sa hannu, Allah ya saka masa. Dattawanmu suka dawo suna murna, suka aiko mini cewa halas, magana ta ƙare. Ba su san cewa idan mai kaya ya yafe nasa, hakkin hukuma yana nan ba. Aka kira Abu Raed gaban alƙali, aka tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce da yana shakka, amma manyan yaron sun zo da kansu sun roƙa masa gafara. Shakkar da za ta fitar da ɗana, ku kuka je da dabino kuka cire ta.

Malam Youssouf, na ga kana yi wa yaron na'ura alama da hannu. Kada a taɓa makirifon nan. Idan aka kashe shi, muryata tana kaiwa bakin titi, 'yan ajina na makarantar mata za su gaya maka.

Magana ta biyu ita ce ƙarin da aka yi masa saboda laifukan baya.

Shekara biyar aka yanke a kan fashin. Sauran ukun ƙari ne, domin yana da abin da ake kira sawabiƙ, wato tsofaffin laifuka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ni zan faɗe su da bakina kafin wani ya raɗa wa na kusa da shi. Bayan rasuwar mahaifinsa, yana saurayi, ya shiga cikin 'yan banza. Ya yanki wani yaro da wuƙa a faɗa, aka tsare shi. Ya fito, bai yi hankali ba, ya fizge wayar wata mata a kasuwa, aka ɗaure shi. Ya yi su. Ban roƙi kowa ya je ya ba da haƙuri a lokacin ba. Na ce a bar shi ya sha abin da ya dama, ya kuma sha har tsaki.

Amma wannan yau shekara goma ke nan. A cikin shekarun nan ya yi aure, matarsa Aicha ga ta can a zaune, cikinta ya tsufa. Yana tuƙa iyalin wani bawan Allah, Badr, a Abhur. Makullan gidan mutumin gaba ɗaya suna hannunsa, shi yake kai 'ya'yansa mata makaranta ya ɗauko su. Kuma a unguwar nan, wa yake ɗauko kujerun makoki? Wa yake shiga kabari ya karɓi gawa idan 'ya'yan mamaci sun tsaya suna duban fararen tufafinsu? Kun san amsa.

Na zauna na karanta takardar hukuncin nan har na kusa haddace ta. Na karanta dokar ɗaukaka ƙara, na tambayi lauyarmu, Ustaza Lama, abin da ban gane ba. Abin da na fahimta shi ne, alƙali yana duba tarihin mutum domin ya san ko mai tuba ne ko mai komawa. An kai masa tarihin shekarun wauta cikakke. Tarihin shekara goma na tuba, babu wanda ya kai masa sai mutum ɗaya. Badr ya bar aikinsa ya zo ya tsaya ya ce, "Wannan amintaccena ne." Ba ya jin Hausa, bai san kakan yaron ba, bai taɓa cin tuwon gidana ba. Da ya waiwaya ya ga babu ko mutum ɗaya daga cikinmu a bayansa, ya tambaye ni a bakin ƙofa, "Ya Ummu Zaharadden, ina jama'arku?"

Kuma bari in faɗi abin da ke ƙarƙashin tabarma. Kafin kotu ta yi wa ɗana ƙari saboda laifin baya, ku kuka fara yi masa. Da ɗan Alhaji Mahamat aka kama a kan wannan fashi, da wani ya ɗauki dabino? Da kun cika ƙofar kotu kuna rantsuwa. Amma da aka ce Zaharadden ne, sai kowa ya ce a ransa, mai hali ba ya fasa halinsa, daga Hindawiyya zuwa Balad ba nisa, wa ya sani ko ya zame ya dawo? Idanunku sun gan shi, amma kuka fi gaskata abin da kuka tuna a kan abin da kuka gani. Alƙali shekara uku ya ƙara masa. Ku kun yanke masa cewa har ya mutu ɓarawo ne.

To, bai zame ba. Na ziyarce shi, muka yi magana ta bayan gilashi. Bai yi kuka ba, dariya ma ya yi. Ya ce, "Umma, ki tuna wa Baba Lawali. Shi ya ce mini gahawar ta yi sanyi, wai ko ta gidan marowata ce, aka yi dariya, na tsaya a gabansa aka kawo wata. Ki tuna wa Baba Mahamat, shi da kullum yake manta girgiza finjali idan ya ƙoshi, na yi ta zuba masa yana sha yana harara ta, har Malam ya ce in ƙyale shi kada ya kwana ido biyu. Da aka kira isha'i, ni na riƙe wa Malam sandarsa ya gyara takalmi." Sai ya ce, "Umma, ko dai sun manta ne?"

Na ce masa sun manta. Ƙarya na yi wa ɗana, domin ban iya gaya masa cewa kuna tune ba.

Magana ta uku ita ce abin da ya hana ku, da abin da nake nema.

Tun da aka yanke hukunci nake yawo. Ƙafata ta san kowane dutse tsakanin gidana da shagon Alhaji. Na je, ya ce bukura, wato gobe, insha Allah. Na koma, ya ce yana jiran kaya daga tashar jirgin ruwa. Na sake komawa, yaran shago suka ce ya fita, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa, sai dai idan Alhaji ya fara yawo a Balad ba takalmi. Alhaji Mahamat ya ce sai ya shawarci kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama. Malam ya ce in yawaita addu'a. Ina yi, Malam. A cikin addu'ar ne aka nuna mini in zo nan.

Za ku ce Mas'uda tana da takardar ƙasa, ba ta san tsoron mai iƙama, takardar zaman baƙo, ba. Na sani. Da mai iƙama na yi zaman aure har Allah ya karɓe shi, na san yadda gaba yake faɗuwa idan lokacin sabuntawa ya matso. Shi ya sa ban kira samarin da suka cika layin makokin a ranar ba, waɗanda takardunsu ba su cika ba. Ku zauna abinku, 'ya'yana, ba na neman wani ya shiga rami domin nawa ya fito. Amma ku ukun nan takardunku lafiya lau suke. Na tambayi lauya, ta ce babu abin da zai taɓa mutum don ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Ba tsoro ne ya hana ku ba. Kunya ce. Idan kuka tsaya kuka ce yaron yana gabanmu a wannan lokaci, za a tambaye ku, to me ya kai ku roƙa masa gafara? Sai ku ce, da furfurarku, mun je ba mu tambaya ba, mun yi kuskure. Wannan kalma ce ta tsaya muku a maƙogwaro. Kun iya cewa "yaronmu ya yi kuskure" a ɗakin baƙo, amma "mu muka yi kuskure" ta gagare ku. Kun ɗora kunyar minti kaɗan a kan sikeli, kun ɗora shekara takwas na rayuwar ɗan mutum a ɗaya gefen, kuka ga taku ta fi nauyi.

Alhaji, kai abokin mahaifinsa ne. Kai ka yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, kai ka karɓa masa aure. Ba na neman kuɗin kowa, kada a zagaya da faranti. Ba na neman ku yi ƙarya, ko ta ƙwayar gero. Abu uku kawai za ku faɗa: cewa yana gabanku daga magariba zuwa isha'i, cewa bai taɓa ce muku ya yi ba, kuma bai aike ku ba, da abin da kuka sani na halinsa a shekarun nan. Malam ya fi ni sanin matsayin wanda ya ɓoye shaida, daga bakinsa muka ji a masallaci.

Ga wa'adina. Ranar Talata bayan la'asar, ina ofishin Ustaza Lama. Alhaji ya san wurin, na rubuta masa, na kuma gaya wa direbansa. Zan sa a ajiye kujeru uku. Zan dafa gahawa da hannuna in kawo, mai zafi, Alhaji, ba ta gidan marowata ba. Idan kuka zo, wallahi maganar nan ta mutu a wurina, ni da kaina zan bi ku gida-gida in durƙusa in ba ku haƙurin abin da na yi yau, kuma nawa haƙurin na wadda ta san abin da ta yi ne.

Idan aka kira magariba kujerun nan babu kowa, to ranar Laraba da safe lauya za ta shigar da ƙara da sunayenku a ciki, ta roƙi kotu ta kira ku. Abu Raed ya ce zai zo ya maimaita abin da ya gaya mini. Abin da kuka ƙi faɗa a zaune da finjali a hannu, sai ku faɗe shi a tsaye. Bayan haka kuma, duk taron da ƙungiyar nan za ta yi, suna ko aure ko zumunci, zan zo. Ba zan yi zagi ba, ba zan ɗaga murya ba. Zan miƙe a bayan labule in karanta muku alkawarin da na buɗe jawabin nan da shi, kalma da kalma, in koma in zauna. Haka zan yi har ranar da ɗana zai fito, ko a watan gobe ne, ko bayan shekara takwas. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ni na riga na naɗe tawa. Ku ana ba ku dama ku naɗe taku da gaskiya.

Allah ya jiƙan Alhaji Nasir, wanda a makokinsa ɗana ya yi hidima. Allah ya ba Abu Raed lafiyar kafaɗarsa, ya tona asirin waɗanda suka cuce shi. Allah ya saka wa Badr da alheri. Allah ya sauki Aicha lafiya, ya sa uban jaririn ne zai yi masa huɗuba. Allah ya tsare 'ya'yanku daga ranar da za su nemi shaida su rasa. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya da tsawon rai, ya ba su ƙafar zuwa ranar Talata. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.